Ina kaiwa ƙolin dutse, sai in juyo

Inna Barira, ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan faɗa wa maganar nan bai yi mani kallon wanda tsufa ya taɓa wa kai ba.

Ni dattijo ne a wani ƙauye na ƙasar Tajaye. Bayan garinmu akwai dutse, ba wani na a zo a gani ba, amma yakan tuna wa mutum yana da gwiwa. Hanyar ƙafa ta bi ta cikin geza da tsakuwa ta hau bisa, ta gangara wani gari. Can aminina Zakariya'u yake. Tun muna samari muke ziyartar juna ta nan, kuma ba mu taɓa saɓa ƙa'idar rakiya ba: wanda aka zo wa shi zai raka baƙonsa har ƙoli, inda wata aduwa ke tsaye ita kaɗai. Nan za mu zauna mu fasa goro, mu yi gardamar wa ya girmi wani. Ya ce ya tuna ranar sunana, in ce ai ni na riƙe ragon nasa sunan. Sai kowa ya gangara gefensa.

Bara da damina Allah ya yi masa rasuwa. Gardama ta ƙare, ya riga ni.

Mai ɗakina ta daɗe da rasuwa, yara suna cin rani, sa'o'ina sun ƙare a dakalin masallaci. To, ƙafa ba ta san an yi mutuwa ba. Ran kasuwa sai in tsinci kaina a hanya. In hau, in zauna gindin aduwar, in ci rabin goro, in dubi rufin gidansu daga nesa, in juyo. Tun ta'aziyya ban sake gangarawa can ba. Abin da nake tsoro shi ne dawowar: in hawo ni kaɗai, ba mai tafe bayana yana yi mani tsiyar numfashi.

Kwanan baya na zame bayan ruwa, na goge ƙauri. Ciwon bai kai labarin ba. Ɗana Sallau, mai shago a Konni, ya ce in ban bar hawan ba, da an gama yankan hatsi zai zo ya kwashe ni. Na taɓa zaman Konni. Ɗaki mai siminti, tuwo kan lokaci, kukan kabu-kabu daga safe har dare, kuma ba wanda ya san sunana sai Baban Sallau. Sannan ga Lauratu, matar marigayin, ta aiko mai tallan nono ta tambaye ni laifin da suka yi mani, don suna hango farar riga a bisa dutse, ba ta saukowa.

In na bar dutsen na zauna gida, me ya rage mani? In na ci gaba, sai Konni. Hatsi kuwa ya fara nuna.

Tsohon gindin aduwa

*

Malam, Allah ya jiƙan amininka. Kanka lafiya lau, kewa ce, kuma ba abin kunya ba ce.

Amma kada ka ga baƙin Sallau. Wanda ke nesa, ƙujewar ƙauri karaya ce a kunnensa. Yana ganin taurin kai ne kawai, don ba ka faɗa masa abin da ka faɗa mani ba. Ka kira shi kafin yankan hatsi, ka gaya masa. Ka kuma ba shi abin da zai riƙe: ka je likita a auna jininka, ka bar hawa bayan ruwa ko kuma da rana tsaka, ka ɗauki sanda da gorar ruwa da salula, ka sa takalmi mai kama ƙasa, kuma wani a gida ya san ka fita. Mutum mai shekarunmu ba ya gardama da tsakuwa.

Sai maganar da ba za ta yi maka daɗi ba. Kai kana ganin makoki kake yi, su kuwa mutanen gidan yanke zumunci suke gani, kuma suna da gaskiyarsu. Lauratu ma ta yi rashi, kuma kai kaɗai ka rage wanda ya san mijinta tun bai yi gemu ba. Ran kasuwa mai zuwa ka gangara. Ka sha furarsu, ka ba su labarinsa, su ba ka nasu. Dawowar farko za ta yi ɗaci, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai ban san gidan da zai bar baƙo mai furfura ya hau dutse ba rakiya ba. Wanda zai taso ba Zakariya'u ba ne, kada ka nemi ya zama shi. Ya ishe ka dai a ce akwai mai tafe kusa in ka zame, kuma wannan shi ne abin da Sallau ke son ji.

In ya ji haka ya nace, a sa dattijon da yake jin nauyinsa ya yi masa magana. Allah ya ƙara wa gwiwa ƙarfi, ya sa ka ci sabon hatsi a gidanka. Ka gaida Lauratu.

Inna Barira