Ganyen shayin Baba

Daren Laraba, Agadez

Ka gafarce ni, littafina. Don darasi aka saye ka, amma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Tun da muka koma cin jar dawar da sojoji ke rabawa, gashina ya yi ja. A lakkwal, wato makarantarmu, Rabi ta ce, "Wanke shi da shayi mana, mai kan masara." Yau na ga ganye a butar Baba, na ɗauka ya gama da shi, na jiƙa na ɗauraye kaina. Ashe dafawa ɗaya cikin ukun da ake yi wa ganye ya yi, ya ajiye sauran biyun don Kawu da ya zo daga Timia, rijiyar lambunsa ta ƙafe. Ganyenmu na ƙarshe ke nan.

Baba ya buɗe buta gaban Kawu, wayam. Da na kawo ruwa, Baba ya ji ƙanshin shayin a kaina.

"Hadiza, kanki ne ya sha shayin Kawunki?"

Kawu ya ce, "Bar ta, ya yi mata kyau." Ya sha ruwan zafi da sukari har kofi uku, yana godiya.

Da dukana aka yi, da ya fi mini sauƙi. Ka yarda in sake buɗe ka in na iya roƙon Baba gafara?