Tsutsar da Ta Ci Sunan Baba

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ya ciwon gwiwar? Ina fata Mama da su Yaya duk suna lafiya.

Na fara wasiƙar nan na yaga ya fi a ƙirga. Kunya ce ta hana ni kiranka a waya.

Ka tuna ɗan malam-buɗe-littafin da na ba ka labari bara, mai ruwan ƙasa, wanda da kaɗan ya fi ƙwayar shinkafa? Tsutsarsa ce ke naɗe ganye da zare ta kwanta a ciki. Danginsu a ido duk kamarsu ɗaya, sai an feɗe cikin a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu ake bambancewa. Na feɗe, na gwada da duk na cikin akwatunan ɗakin ajiyar ƙwari na wurin aikinmu, babu irinsa. A aikinmu, wanda ya gano sabo shi ke raɗa suna, ni kuwa rawar kai ta sa na raɗa masa naka. Mama ta ce babu maƙwabcin da ba ka nuna wa hotonsa ba.

Shugabana ya ce in dakata mu ga me tsutsar ke ci ban da ciyawar da na same ta a kai. Na ƙi ji. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Baba, lemo take ci. Bana ta shiga gonaki ta cinye toho kaf. Malaman gona suka kawo samfuri, ni aka miƙa wa in tantance. Na feɗe ina addu'ar ya zama wani daban. Shi ne.

Na roƙa a sauya sunan, aka ce in an riga an buga a mujallar kimiyya shi ke nan, ko mai raɗawar ba shi da ikon gogewa. Jiya a taro wani manomi ya miƙe ya tsine wa sunan, bai san na mutum ba ne, mutumin da bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Na sunkuyar da kai, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ka yafe mini. Ga kwalbar magani nan na ba direban da zai kawo maka wasiƙar, a fesa wa bishiyoyin lemon bayan gida tun tsutsar ba ta iso ba. Roƙona ɗaya, ka bar Yaya ya auna. Kada ka sa tabarau ka karanta a jikin kwalbar sunan abin da aka ce maganin yana kashewa.

'Yarka mai neman afuwa,
Auta