Motar Lasifikar Auta

Litinin, 25 ga Nuwamba
Autana ya samu aiki. Shi zai ja motar lasifikar masu gangamin hana dukan mata. Wai duk duniya ake yi, har ƙasashen da bakina bai iya faɗa. Sun ba shi riga ruwan lemo, ta kuwa karɓe shi, ja'iri. Matarsa ce ta goge masa ita da hannun hagu, na daman ba ya ɗaguwa. Ta ce ƙofa ce ta buge ta. Ƙofar gidan nan dai akwai zafin rai.

Laraba, 27 ga Nuwamba
Motar ta bi ta layinmu, muryar wata mata na ta cewa a daina, a daina. Auta na ɗaga wa jama'a hannu ta taga. Maƙwabciya ta ce na yi dacen ɗa. Na ce to.

Asabar, 30 ga Nuwamba
Na bari ya ƙoshi, sannan na yi masa magana a hankali. Ya ce, "Inna, tuƙi aka ɗauke ni, ba ni na tsara maganar ba." Ya yi dariya, sak ta ubansa.
A tatsuniyoyin da aka yi mana, daga daji dodo ke fitowa. Ba a gaya mana wani dodon goya shi ake yi ba.

Talata, 3 ga Disamba
Yau kunne ne. Sai da na kira surukata, na sake kira, kafin ta juyo.

Juma'a, 6 ga Disamba
Wata budurwa mai rigar lemo ta shigo da takarda, akwai lambar da za a kira idan abu ya faru. Surukata ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya. Wayarta kuwa tana aljihun Auta.

Talata, 10 ga Disamba
Gangami ya ƙare. Daga gobe yana gida wuni sur, duniya kuma ta koma harkarta.
Na kira yayan surukata. Gaisuwa ce, ba wani abu ba. Na dai ce ƙanwarsa na kewar gida, ya zo da hantsi, lokacin Auta ya tafi mayar da lasifika.
Da za su fita ta riƙe mini zane. "Inna, idan ya tambaya fa?"
Na ce, "Je ki, 'yar nan. Ni na haife shi."
Ziyara ce kawai. Ban san me ya sa na saka mata har da tukwanenta ba.