Rigar Sanyin Suruki

Kakuri, Kaduna

'Yata Jemimah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya aikin asibiti da sanyin Jos? Mu duk lafiya, sai gwiwar babanki.

Hular jaririn Binta maƙwabciyata na gama, safar Fasto kuma saura ƙafa ɗaya. Yanzu ina kan saƙa rigar sanyi ta saurayinki Tony, in ba shi ranar da zai zo gaisuwa. Ulu kore na zaɓa, don ja zai sa ya yi kama da barkono, shi da yake siriri. Amma zaren ya ƙare a hannun hagu, na zaga kasuwa ban samu irinsa ba. Ga guntu nan, ki nemo mini dunƙule biyu. Kore irin na ganyen zogale, ba na kankana ba.

Ubangiji ya kiyaye ki.
Mamanki, Juliana

Jos

Mamana,

Ina gaisuwa da ladabi, a duba mini Baba. Ga zaren nan, dunƙule shida. Kada ki ce na yi ɓarna. Mama, maganar Tony ta mutu tun Kirsimeti, na rasa bakin da zan faɗa miki ne. Wanda zai zo sunansa Samson, malamin makaranta ne, mai hankali ƙwarai. Sai dai yana da ɗan jiki. Ga hotonsa.

Taki,
Jemimah

Kakuri

Jemimah,

Gaisuwa. Na ga hoto. Wannan ne ɗan jiki? Da na nuna wa Binta, cewa ta yi, "Su biyu ne?" Wata uku ina saƙa a kan awon Tony, har idona ya yi ja! Ba ki iya samun wani mai hankali daidai awonsa ba?

To, na warware, na sake ɗorawa. Zarenki ya ƙare a cibiya, ga shi na kankana kika aiko. Amma na samu wata dabara a cikin gida. Kada ki gaya wa kowa.

Mamanki

Kakuri

Zuwa ga 'yata Jemimah,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina sanar da ke cikin baƙin ciki cewa rigar sanyina mai ruwan ƙasa, wadda na yi shekaru ina zuwa aikin masaƙa da ita, ta ɓace daga akwati. Jiya na gan ta a cinyar mamanki, ta zama dunƙule. Na tambaye ta, ta ce, "Ai a gida za ta zauna, suruki ɗa ne."

Ki sani ban amince ba tukuna. Mutumin da ya cinye mini riga tun kafin ya taka ƙofata, me zai bari in ya shigo? Ya zo ranar Asabar, zan dube shi da kyau.

Ki huta lafiya.
Mahaifinki, Sylvanus

Kakuri

Jemimah,

Ina gaisuwa. Samson ya zo da kawunsa, da tsakar rana, zafin Maris, babu wuta. Mamanki ta miƙa masa rigar: ƙirji zogale, ciki kankana, baya zaren rigata, hannu ɗaya ya rufe yatsu. Ya sa nan take. Na ce, "Ɗana, cire, ka sha iska." Ya ce, "Baba, Mama ce ta saƙa." Haka ya ci tuwo da miyar yaji a cikinta, zufa tana ɗiga a kwano, yana cewa bai taɓa ganin aiki mai kyau haka ba. Sai da muka yi masa fifita mu uku.

Na zauna da mamanki shekara talatin, ban kai shi haƙuri ba. Ku sa rana.

Mahaifinki,
Sylvanus