Rantsuwar Lazhar a Kan Haƙoran Sirin

Safakis, ranar Lahadi

Zuwa ga matata Widad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin isa Mahdiya lafiya, kin kuma tarar da Baba Alhaji da Mama cikin ƙoshin lafiya. Yaya 'yata Sirin, ciwon ya lafa? Tunda ba kya ɗaga wayata, na ba direban motar Mahdiya wannan takarda, ya san gidanku.

Widad, ban taɓa jin matar da ta bar gidan mijinta a kan maganin haƙori ba sai ke. Na san yarinyar nan tana shan wahala, ni ma ubanta ne. Likitar haƙorin da muka kai ta ta ce huɗu sun ruɓe, za ta cike su, sannan ta shafa wa sauran fuloraid, wai maganin hana ruɓewa. Na ce ta cike, ban da shafawa. Kina zaune ta dube ni ta ce, "Si Lazhar, ruwan gidanku kun tace shi har ba abin da ya rage a ciki." Likitar da na girma da shekara ashirin, ita za ta koya mini ruwa?

Ke 'yar bakin teku ce, ba ki san abin nan ba. Ni a Mitlawi aka haife ni, inda yake cikin ruwa tun daga ƙasa, tare da fosfat, ma'adinin da ake haƙa a can. Duk wanda ya tashi can, da ya buɗe baki an san garinsu, don ruwan ya rine masa haƙora. Ranar da na zo Safakis neman aiki, maigidana na farko cewa ya yi, "Kai ɗan ma'adinai, rufe bakin nan kada tsatsa ta kama mini alminiyam." Yau shagon tagogina ya fi nasa girma, yaransa ma a wurina suke aiki, amma launin haƙorana yana nan. Da na je neman aurenki, kin manta gwaggonki ta tambaya ko taba nake ci? Shi ya sa na saka matatar ruwa tun kina da cikin Sirin, na hana man goge baki mai wannan abu, na ce asuwaki ya isa.

Abin da na faɗa a mota kuwa na faɗa. Kin ce za ki kai ta a shafa ko na yarda ko ban yarda ba, ni kuma na rantse duk ranar da abin nan ya taɓa bakin 'yata, ke ba matata ba ce. Ban so ta kai haka ba, ke kika kai ni bango. Ki dawo ɗakinki, mu rage mata alewar shamiya da shayi mai sukari. Haƙoran nono ne, da kansu za su fita.

Ki gaishe da Baba Alhaji da Mama, ki sumbaci Sirin.

Mijinki,
Lazhar

Safakis, ranar Juma'a

Widad,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da mai jiki. Allah Ya sa kumburin ya sauka, zazzaɓin ya tafi. Ke fa, kina samun cin abinci?

Da yayanki Munsif ya kira ni ya ce kuna asibiti, injin yanka na bari yana juyawa na fito. Kin ga yadda na same ta, kumatu ya kumbura har idon ya ƙanƙance. Kin fita daga ɗakin lokacin da na shigo, to bari in gaya miki abin da ta ce. Ta tambaye ni ina haƙoranta biyu da aka cire, tana so ta jefa wa rana ta ce a ba ta na barewa, kamar yadda 'yan ajinsu suke yi. Na je na tambayi ma'aikaciyar, ta ce a gutsure suka fito, ba abin ɗauka. Na dawo na ce wa Sirin an ajiye mata. Ki taimake ni kada ki gaya mata.

Likitan can ma maganar ɗaya. Ya nuna mini matauna sababbi da suka fito daga baya, ya ce waɗannan ba na nono ba ne, ba su da canji, kuma ɗaya ya fara laushi. Ni ban ma san sun fito ba.

Baba Alhaji bai kore ni ba, har shayi ya zuba mini da hannunsa. Amma ya ce, "Ɗana, in an shafa, rantsuwarka ta faɗa, ba zan bar 'yata ta kwana gidanka cikin shakka ba. In ba a shafa ba, jikata ce take ruɓewa. Ka faɗa mini abin da zan yi." Munsif ya tsoma baki wai dokar ƙasa ba ta san sakin baki ba, sai na kotu. Baba ya ce shi ba alƙalin kotu zai tsaya gabansa ba.

Tun da na dawo nake yawon tambaya kamar sabon baƙo. A shagon gahawa Si Taufik mai kantin magani ya ce mini, "Kamar gishiri ne a miya, Lazhar. Ku a Mitlawi buhu aka juye muku, kai kuma ka hana 'yarka ko ɗan tsunkule." Si Hadi malamin makaranta ya ɗago wayarsa ya ce ƙarya ne, akwai garuruwan Turawa da suke zuba shi a ruwan famfo suka daina, wai yana taɓa ƙwaƙwalwar yara. Taufik ya ce wasu sun daina suka dawo, kuma shi Hadi da bai sha ba me ya taɓa tasa? Saura kaɗan su kifar da teburin karta. Suka shirya suka ci gaba da wasansu, ni na tashi ba abin da na ƙaru da shi.

Wajen malamai ma haka. Limamin unguwarmu ya ce saki ɗaya zai faɗa, babu makawa. Wani matashi a masallacin kasuwa ya ce in hani na nufa ba saki ba, in ciyar da miskinai goma. Na gaya wa Baba a waya, ya ce shi limaminmu ya sani.

Widad, duk abin da na sa gaba a rayuwata na yi shi da hannuna. Wannan na rasa inda zan kama. Gidan ya yi mini girma. Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Naki,
Lazhar

Safakis, ranar Talata

Matata Widad, uwar Sirin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kun tashi lafiya ke da yarinya da mutan gida. Na sami takardarki. Gajera ce, amma na gode. Kin ce Sirin a gefe ɗaya take tauna, kuma kin gaji da jiran in gama shawara.

Jiya na koma wurin likitar nan ta Safakis ni kaɗai. Rabona da buɗe wa wani bakina tun ina saurayi. Na hau kujerar na ce ta shafa mini abin tukuna, in ga abin da zai yi, kafin ya je bakin 'yata. Ba ta yi dariya ba, wannan kam na yaba mata. Ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Si Lazhar, ko na shafa ba abin da za ka gani. Launin nan tun haƙori yana cikin dasashi yake shiga, daga ruwan da yaro yake sha kullum shekara da shekaru. Shafawa a kai daban ce." Sannan ta ce duk bakina babu kogo ko ɗaya. Na ce to ta rantse mini na Sirin ba za su yi irin nawa ba. Ta ce ita ba ta rantsuwa, amma da 'yarta ce da ta shafa tun bara. Na sa ta shafa mini duk da haka. Ɗanɗanon ayaba gare shi, yana ɗan danƙo, yini guda ina taɓa shi da harshe a shago.

Ba zan ce miki na gamsu ba. Abin da na gani a Mitlawi na gani, kuma matatar ruwa tana nan inda take. Amma launi dai mutum yana rayuwa da shi, ga ni. Mataunin nan na Sirin kuwa in ya tafi ya tafi.

Saboda haka ki kai ta a shafa. Ni na ce, ba ke ba, ki nuna wa Baba wannan takarda. Kada ki jira in sami malamin da zai gamsar da kowa, na nema ban samu ba, haƙorin kuma ba jira yake ba. Likitar ta ce ku zo ranar Alhamis da safe, ko ki kai ta wurin na Mahdiya in ya fi miki sauƙi.

Na san abin da hakan yake nufi a wurin Baba. Daga lokacin da aka shafa, saki ɗaya ya hau kanki da bakina. Limaminmu ya ce ina da ikon mayar da ke cikin idda ko ba ki so, kalma ɗaya ce. Ba zan yi haka ba, Widad. Zan ciyar da miskinan, sannan ranar Juma'a bayan salla in zo da yayata Mabruka da Si Taufik, in zauna a tsakar gidanku in nemi kome a gaban mahaifinki. In kin ce in jira, zan jira. In kin ce a'a, ban san yadda zan yi ba, kuma ba na iya tunanin nan yanzu.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada a gaya wa Sirin komai a kan wannan. Ki ce mata maganin ayaba ne, babanta ma an shafa masa, bai yi zafi ba.

Ki gaishe da Baba Alhaji da Mama da Munsif. Allah Ya ba 'yata lafiya.

Mijinki har zuwa ranar Alhamis, bayan nan sai yadda kika ce,
Lazhar