Taguwar Abarci da Layuka Arba'in da Ɗaya da Aka Goge

Daga: Malama Ramla Idrisa,
mai koyar da ordinatar (kwamfuta), mai riƙe da manhajar Madadi,
Dakoro, Jihar Maraɗi.

Zuwa ga: Mai girma Alhaji Jibril Yazidu,
Direktan Hukumar Rajistar Shaidun Dabbobi ta Kwarin Tarka,
Dakoro.

Litinin, 12 ga Mayu, 2025.

Game da: Ɓarnar da Mushe (Monsieur) Saminu, ma'aikacin ordinatar na hukumarka, ya yi wa manhajar Madadi, da zaluncin da ta jawo wa Abarci na Bader Goula.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta addini da girmamawar da ta dace da kujerarka, ina sanar da kai cewa wannan ita ce takardata ta huɗu a kan magana ɗaya. Ta 3 ga Maris, ta 24 ga Maris da ta 29 ga Afrilu duk sakatarenka ya buga musu tampo a gabana, kuma har yau ko ɗaya ba a amsa ba. Na ɗauka ba su iso teburinka ba, domin ba na so in ɗauka cewa ka karanta ka yi shiru. Saboda haka zan maimaita komai daga tushe.

1. Kamar yadda ka sani, rajistar hukumarka tana ɗauke da shaidu dubu ɗaya da ɗari takwas da sittin, wato zanen lalas ɗin da kowane gida yake yi wa raƙumansa da shanunsa, wanda Buzaye ke kira ejwal. An zana su ne a shekarar 1994 cikin wata tsohuwar na'ura da wani furoje, wato shirin tallafi, ya bari. Na'urar ta mutu a 2018, takardun asali kuma gara ta cinye su a magaza, ɗakin ajiya. An samu kwafe rajistar daga cikin na'urar, amma tsohon lojisiyel ɗin, wato manhajar da ke buɗe rajistar, ba ya tashi a kan ordinatar ta zamani. Ni na rubuta Madadi, manhajar da ke sa sabuwar ordinatar ta kwaikwayi waccan matacciyar, har tsohon lojisiyel ya zaci yana gidansa ya ci gaba da aiki. Na rubuta ta a buɗe, tare da mutum goma sha ɗaya daga ƙasashe daban-daban waɗanda ban taɓa ganin fuskarsu ba. Kowane gyara sai wani a cikinmu ya duba kafin ya shiga. Shekara shida ina riƙe da ita bayan tashi daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, kuma a cikin shekarun nan babu dabba ɗaya da aka ba wanda ba tasa ba.

2. Akwai abin da ya kamata ka fahimta a nan, ranka ya daɗe, kuma ba shi da wuya. Tsohuwar na'urar tana da aibi tun daga haɗinta: allonta yana juya kowane zane, dama ta koma hagu. Mutanen furoje ba su gyara allon ba, sai suka riƙa ajiye zanen a juye, idan allon ya sake juya shi ya fito daidai. Wata huɗu na yi kafin in gane haka. Sai da na buga zanen a takarda na shiga kasuwar dabbobi ina ɗaga kai ina duba wuyan raƙuma, dillalai suna yi mini dariya suna cewa malama ta fara taɓuwa. Bayan na gane, na rubuta layuka arba'in da ɗaya waɗanda aikinsu kawai shi ne su kwaikwayi wannan aibin. Wanda zai kwaikwayi na'ura dole ya kwaikwaye ta har da aibinta. A saman layukan na rubuta gargaɗi da Faransanci da Hausa, da manyan baƙaƙe, cewa kada a taɓa su, na kuma rubuta dalili.

3. A cikin watan Fabrairu na bana, Mushe Saminu ya kwafi Madadi daga inda muke ajiye ta a intanet. Wannan haƙƙinsa ne, don haka muka buɗe ta. Amma ya canza mata suna, ya goge sunana da na mutanen nan goma sha ɗaya, ya kulle rubutun manhajar, ya gabatar maka da ita a taron hukuma a matsayin aikin hannunsa. An tafa masa, an ɗauki hoto. Ya kuma rarraba ta a kile, 'yar ma'ajiyar nan ta USB, zuwa biro-biro na Rumbu da Korahane da Bader Goula. Lasisin Madadi sharaɗinsa biyu ne rak: kada ka goge sunan waɗanda suka yi aikin, kuma idan ka canza wani abu ka rarraba, ka nuna abin da ka canza. Ya taka dukansu biyu. Ban san sunan da ake ba wannan hali a harshen ofis ba, amma a unguwarmu wanda ya ɗauke tukunyar maƙwabciya ya kankare alamarta sunansa ɓarawo.

4. Da a nan ya tsaya, da na haɗiye. Sunana bai dame ni kamar yadda yake zato ba. Amma da ya iske layukan nan arba'in da ɗaya, sai ya ga kamar kuskure ne na malamar lakwal, ya goge su, har ya rubuta a rahotonsa cewa cire su ya sa manhajar ta ƙara sauri. Ya karanta gargaɗin, domin sai da ya goge shi kafin ya kai ga layukan. Tun daga ranar, kowace shaida a rajistarka a juye take fitowa. Mutumin da ya taso a kan kwalta, wanda bai taɓa riƙe akalar raƙumi ba, a wurinsa ƙugiyar da ta kalli dama da wadda ta kalli hagu duk ƙugiya ce. A wurin makiyayi kuwa gida biyu ne. 'Yan kaka ɗaya sukan raba shaida ɗaya: gidan wa bakin ƙugiyarsa ya kalli kan dabba, gidan ƙane ya kalli wutsiya. Ko 'yar shekara bakwai a ruga ta san wannan, injiniyanka ne kaɗai bai sani ba, kuma bai tambaya ba.

5. A takarduna na 3 da 24 ga Maris na yi gargaɗin abin da zai faru. Na je biron Mushe Saminu da kaina sau biyu. Na farko aka ce yana taro, alhali ina jin muryarsa ta taga yana shan shayi. Na biyu ya fito ya shaida mini cewa hukuma ba ta karɓar darasi daga masu aikin sa-kai.

6. Ranar kasuwa, 25 ga Afrilu, abin ya faru. Abarci, dattijo mai shekara kusan saba'in daga Bader Goula, ya zo da taguwarsa don ya ɗauki hatsi ya koma washegari. Ya bar ɗanta ɗan wata biyu a gida saboda ɗan yana ciwon ƙafa. A kasuwa Zakiru ya gan ta. Zakiru ɗan ƙanen mahaifin Abarci ne ta wajen kakanni, a Maraɗi ya girma, bara ya dawo Rumbu bayan rasuwar mahaifinsa aka ce masa wata jar taguwa ta ɓace daga garken. Ya ga ja, ya ga ƙugiya, ya kai ƙara hukumarka. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan, bai san abin ba, sauran raƙuman gidansu kuma suna can kudu wajen kiwon rani, balle ya gwada. Aka buɗe ordinatar Mushe Saminu, ta nuna ƙugiya mai kallon kai a ƙarƙashin sunan gidan Zakiru, alhali ta gidan Abarci ce tun kafin a haife ni. Dattawa uku suka tashi za su ba da shaida, aka zaunar da su da cewa na'ura ba ta ƙarya. Aka ƙwace akala daga hannun Abarci a tsakiyar kasuwa, aka kai taguwar furiyar, inda hukuma ke tsare dabbobin da ake rigima a kansu. Wani ya yi ihun ɓarawo, wasu suka amsa. Mutumin da ake kira raba gardamar rijiya tun shekara talatin, da ƙafa ya fita daga Dakoro, rawaninsa a rufe da fuska.

7. Yau kwana goma sha bakwai. Abarci ya zo gidana ranar Laraba, don an gaya masa ni ce mai na'urar. Bai zage ni ba, wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya zauna a bakin zaure ya ƙi shan ruwa, ya tambaye ni cikin ladabi abin da ya yi mini. Ya ce ɗan taguwar ya ƙi nonon akuya sai an ɗura masa, ya daina tsayawa da ƙafafunsa, kuma a wannan zafin na bazara ba ya zaton zai kai wani mako. Ita ma uwar ana jin kukanta daga bakin hanya, duk wanda ya bi ta furiyar ya sani. Na yi kuka bayan ya tafi, kuma ina rubuta wannan takarda da fushin da ban taɓa yi a rayuwata ba.

8. Abin da ya ƙara mini zafi shi ne, da maganar ta fara yawo, Mushe Saminu ya shiga gaya wa mutane cewa idan akwai matsala to daga tsohuwar manhajar kyauta ce ta wata malama. Ranar tafi aikinsa ne, ranar kunya kuma nawa ne. Sunan da ya goge da hannunsa, yanzu ya tuna da shi.

Na samu labarin cewa hukumarka ta tsayar da Litinin, 19 ga Mayu, don miƙa taguwar ga Zakiru. Saboda haka ina roƙonka, da dukkan girmamawa, abubuwa kamar haka:

Na farko, a dakatar da wannan miƙawa, a mayar wa Abarci taguwarsa yau ko gobe, ba ranar 19 ba, domin ɗanta ba zai jira kalandar hukuma ba.

Na biyu, a wanke Abarci a inda aka ɓata shi, a kasuwa, ranar kasuwa, da bakin wakilinka, a gaban Zakiru, don zumuncin gidajen nan biyu ya samu abin riƙewa.

Na uku, a cire manhajar Mushe Saminu daga duk biron da aka kai ta, a mayar da Madadi ta asali. Aikin rabin awa ne a kowace ordinatar, zan yi shi da kaina a gaban duk wanda ka wakilta. A kuma sake duba duk hukuncin da aka yanke da rajistar tun daga Fabrairu.

Na huɗu, a tilasta masa ya buɗe rubutun da ya kulle, ya mayar da sunayen da ya goge. Matakin da za ka ɗauka a kansa bayan haka, wannan tsakaninka da Allah da ya ba ka amanar.

Idan kana shakkar maganata, ranka ya daɗe, ba sai ka yarda da malamar lakwal ba. Ka sa a buɗe maka lamba 407 a ordinatar da ke bironka. Shaidar marigayi mahaifinka ce, Allah ya jiƙansa, sanda mai ɗigo biyu ta wajen kunne. Ka dube ta da kyau, sannan ka aika Korahane a duba maka wuyan raƙumanka. Bisa ga rajistar da kake sa wa hannu tun Fabrairu, ba ka da raƙumi ko ɗaya, duk na gidan baffanka ne, lamba 408. Bambancinka da Abarci kawai shi ne kai ba wanda ya isa ya ƙwace akala daga hannunka a kasuwa.

Gobe Talata da ƙarfe takwas na safe zan zo ƙofar bironka da kile ɗina a hannu, Abarci kuma zai zo da wata akala don jan taguwarsa. Za mu zauna a kan bencin nan har ka fito.

Ka karɓi gaisuwata da ladabin da ya wajaba a kaina. Allah ya sa ka gama da kujerar nan lafiya.

Mai ƙorafi,
(sa hannu)
Malama Ramla Idrisa