Amsar Takardar Rijiyar Dabawa

Ikko, 4 ga Disamba, 1961

Yaya Ɗalhatu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya, kai da Rekiya da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, ina ci, ina zuwa aiki.

Takardarku ta roƙon rijiya na miƙa wa ɗan majalisar da nake yi wa akawu. Bai buɗe ba ya ce, "Sodangi, rubuta musu za a duba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yayana ya fasa cin rani yana jiran aikin haƙan."

Ya ce, "To, ƙara musu da in Allah ya yarda."

Yaya, shekara biyu ke nan ina rubuta wa garuruwa wannan amsa. Abin da za a yi, rana ake sa masa. Da can hannuna kan yi nauyi. Yanzu ba na jin komai, taku ma na rubuta ta kamar ta kowa.

In an samu mai zuwa, a aiko mini da daddawar Inna. Amsar za ta iso ta hannun Dagaci. Kada ka jira ta, ka bi mutanen Kurfi ka tafi cin rani. Allah ya tsare hanya.

Ƙanenka,
Sodangi